Hangen Dala Ba Shiga Tenere Ba

Alhaji Bakano, bawan gidanmu, gaisuwa mai yawa daga Damagaram. Ina Hajiya da yara, ina kasuwa, ina kuma fama da ƙidayar kuɗin da ba za a ci ba? Hotunan da ka watsa a Facebook sun iso mana, duk da gorin da kake mana wai sabis ɗinmu sai an hau tudu. An zagaya da waya hannu zuwa hannu a majalisa, har wani dattijo ya gyara tabarau ya ce motar sojan wace ƙasa ce wannan. Na ce masa ta rundunar Kantin Kwari ce.

Wato Prado ɗin nan taka 'yar Kwatano, wadda muka sani da kai yara makaranta da kai Hajiya biki, ita ce ka mayar haka? An ɗaga ta sama har sai an yi bismilla an kama ƙarfe kafin a hau. An sa mata tayoyi masu haƙora. Gabanta an cire bamba an dasa wani shingen ƙarfe baƙi, a cikinsa ga winci da ƙugiya tana lilo. Ga bututu ya bi gefen gilashi ya haura sama, ga jerin fitilu a goshi, ga tanti a naɗe a kan rufi da tsaninsa, ga jarkoki, ga dogon jak ja, ga shebur sabo fil wanda ko ledar kantin ba a cire masa ba. A ƙasa kuma ka rubuta wai saura ƙiris hamadar Tenere ta ga baƙo. To, Tenere ta ji, ta ce a gaishe ka.

Na san inda cutar ta samo ka. Tun da yaron nan naka ya sa maka YouTube a talabijin ɗin falo ka daina barcin kirki, kullum kana kallon Turawan Ostiraliya da na Amurka suna cakuɗa mota cikin taɓo suna ihu. Ba na raina su, don su abin nasu yana da tushe. Tsakiyar Ostiraliya fili ne fetal, babu gari babu gidan mai. Suna da wata tsohuwar hanyar shanu da ake kira Canning, tsawonta wajen kilomita 1,850, rijiyoyi 51 aka haƙa a kanta, kuma wanda zai bi ta dole ya ɗauki gidansa a mota. Kamfanin ARB, wanda ka manna sunansa a gilashin baya ko da yake mai waldar Ƙofar Ruwa ne ya lanƙwasa maka bamban, a Melbon aka kafa shi a 1975 saboda irin wannan tafiya. Shingen ƙarfen nan na gaba don kangaru aka ƙirƙiro shi: dabba ce mai tsalle da ke faɗowa hanya da magariba, in ta fasa wa mutum lagireto a inda gari mafi kusa yake tafiyar yini biyu, ya shiga uku. Su kuma Amurkawa duwatsu suke hawa. Hanyar Rubicon ta Kalifoniya ba ta wuce kilomita 35 ba, amma mutum kan kwana a kanta kafin ya fita, saboda kowane taku sai wani ya sauka yana nuna wa direba inda zai ɗora taya. A garin Moab na jihar Yuta tun 1967 suke taron masu jif duk shekara. Kowane ƙarfe da ka gani a jikin motocinsu, wata wahala ce ta ƙasarsu ta haife shi.

Kai kuwa da ka tashi, sai ka yi sayayya irin ta Bakano: tunda an yi ragi, a zubo duka. Kayan hawan dutse, kayan taɓo, kayan tsallake kogi, kayan kangaru, duk ka ɗora wa mota ɗaya, sa'an nan ka ce rairayi za ka shiga. Kangaru nawa ke tsallaka titi tsakanin gidanka da Kwari? In ma akwai shi a Kano, to yana cikin keji a Gidan Zoo, bai san kana yi ba. Abin da ke tare hanya a wajenmu, tsakanin Tanut da Agadas, raƙumi ne, shi kuwa raƙumi bamba ba ya maganinsa. Ƙafafu za ka share, gangar jikin ta faɗo maka ta gilashi. Maganin raƙumi ɗaya ne, kada a yi tafiyar dare, kuma wannan ba a sayar da shi a kanti.

Mu zo kan ɗagawar nan, tunda ita ka fi taƙama da ita. Bakaniken da ya canja maka sifirin da shoka ya ɗaga jikin motar, gaskiya ne. Amma durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta ta baya, in tumbin zai bari. Wannan ƙullin ƙarfe da ke tsakiyar aksul ɗin baya yana nan daidai inda yake, domin tayoyi ne ke riƙe da shi, ba sifirin ba. Shi ne ke fara taɓa ƙasa, kuma ba ya tashi sai an ƙara girman taya. Ta gaba kuwa, sandunan da ke kai juyi ga tayoyin sun karkace fiye da yadda aka tsara musu, robobinsu za su riƙa yagewa, ka riƙa jin ƙas-ƙas in ka karya kwana. Ɗagawa kaɗan, kamar inci biyu, da sifirin mai ɗaukar kaya, ba wanda zai ce ka yi laifi. Amma kai ka ɗaga ta ne don a hango ka daga bayan 'yan adaidaita.

Da ka tsaya nan da sauƙi. Sai ka bi ka jibge mata nauyi a ka. Ka taɓa ganin mai tallar ruwa ta ɗora tulu a kai sa'an nan ta sa takalmi mai tsini? Abin da ka yi wa baiwar Allah ke nan. Mota mai tsawo da nauyi a sama, in ta hau gefen tudu a karkace, ko taya ta fashe tana cikin gudu, ba ta shawara da kowa, kwantawa take. Rufin mota irin taka, abin da aka yarje masa yana cikin tafiya bai cika wuce kilo 100 ba. Tantin kaɗai ya kai 60, ragar ƙarfen da ke riƙe da shi ta kai 30, ka kuma ɗora jarkoki huɗu na mai a gefe. Ai lissafi sana'arka ce, to mu yi shi. Bamba da winci wajen kilo 100. Kayan rufi da jarkokin, in an cika su, sun haura 160. Taya ta biyu ta safaya, firji, batir na biyu, akwatunan ƙarfen da aka dasa a but, ka sa musu 150 ba ka yi zalunci ba. Ruwa lita 100 kilo 100 ne, ba ragi ba ciniki. Sa'an nan ga ka, wanda tun da kasuwa ta buɗe sikelin asibiti ke kuka in ka hau. Duk abin da mota irin wannan za ta ɗauka, har da mutanen cikinta, bai cika wuce kilo 700 ba. Wato kafin a sa buhun shinkafa ɗaya, kafin abokin tafiya ya shiga, ka kusa cinye jarin. Nauyin nan kuwa birki ne zai biya, da shoka, da giya, da tankin mai, kuma rairayi ba abin da ya fi so irin mota mai nauyi.

Abin ya ba ni mamaki, domin kakanninka fatake ne. Ban hana ku wannan ba. Sun kora jakai daga Kano har Gwanja neman goro, kuma ba falken da bai san cewa mangala sai an daidaita ta hagu da dama, nauyi ya sauka ƙasa-ƙasa, ba a tula shi a gadon baya ba. Ilimin nan ya ɓace muku tun da aka kawo tirela.

Yanzu tayoyi, inda maganar take. Waɗannan masu haƙoran na taɓo ne. A cikin laka suna cizo suna tofar da ita, aikinsu ke nan. A rairayi kuwa cizon nan kabari yake haƙa maka: taya na juyawa, haƙori na kwashe yashi, mota na sauka a hankali har cikinta ya zauna daram. Kuma ka haɗa su da rim masu ƙyalli na inci 20, roba 'yar siririya a gefe. Direbobin Agadas da suka ga hoton sai da ɗaya ya ajiye kofin shayi don dariya. Su rim na inci 16 suke so, da taya mai doguwar kafaɗa, domin duk sirrin tafiyar rairayi yana cikin iskar taya. Kana barin ƙasa mai tauri sai ka tsaya ka sassauta iska, daga 35 da mai faci ke yi maka a gari zuwa 18, in wuri ya yi laushi sosai har 15. Tayar sai ta baje, tafinta ya yi tsawo, motar ta riƙa bi ta saman yashi maimakon ta huda shi. Wanda bai taɓa gani ba ba ya yarda: motar da ta kafe tana gurnani, a rage mata iska kawai, ta fita salin-alin. Amma taya mai sassauci ba a gudu da ita, ba a kuma fizgar sitiyari, in ba haka ba ta kwance daga rim. Da an dawo kan tsakuwa ko kwalta kuma sai a mayar da iskar, don zafi na cinye ta. Wannan na nufin abu biyu ne suka fi duk ƙarafunan nan naka amfani, geji na auna iska da famfon da ke aiki da batir. Na duba hotunan nan ciki da bai, ban ga ko ɗaya ba. Da ma ba sa fitowa a hoto, shi ya sa ba ka saya ba.

Sauran kuma a ƙafa da ido yake. Da sassafe yashi na da sanyi da ƙarfi, da rana tsaka ya saki, don haka masu hankali asubanci suke yi, in rana ta take su nemi inuwar mota su kwanta. In ka ji taya ta fara juyawa a banza, ɗaga ƙafarka nan take. Bakano kuwa in abu ya ƙi, ƙara matsawa yake, ya ɗauka ciniki ne. Kowane taka totur ɗaya ƙarin rabin sa'a ne na haƙa. Sai a sauka, a kwashe yashi daga gaban tayoyi huɗun, a cusa tol, wato faifan ƙarfen nan masu huji, a sa ƙaramar giya a fita a hankali. Tudun rairayi ma fuska biyu gare shi. Ɓangaren da iska ke bugawa kwance yake kuma da ƙarfi, ɗaya ɓangaren a tsaye yake kuma sako-sako. Ana hawa a miƙe, a sassauta a ƙoli a leƙa, a sauka a miƙe cikin ƙaramar giya ba tare da danne birki ba. Wanda ya ratsa shi a kaikaice da tanti a ka, to sai dai a zo a tsince jarkoki.

Na ji kuma an sa maka maɓallin kulle aksul, har kana danna shi a kan kwalta don abokai su ji ƙarar. Bari in taimake ka kafin ka karya abin da ba a samu a Sabon Gari. Mota in za ta yi kwana, tayar waje ta fi ta ciki tafiya, shi ya sa aka yi aksul yana barin kowace ta juya da saurinta. Aibinsa, in taya ɗaya ta rataya a iska ko ta hau santsi, ƙarfin duk can yake tafiya, mai riƙe da ƙasa ta tsaya kallo. Makullin nan shi ke tilasta musu juyawa tare, kuma a dutse ko laka ya fi kuɗinsa. A kan kwalta kuwa, inda taya ba ta zamewa, ƙarfe ne ke murɗe ƙarfe har wani ya gaji.

Wincin ma ina da tambaya a kansa: a jikin me za ka ɗaura igiyar? Tenere dai bishiya ɗaya aka san ta da ita, wata itaciyar ƙaya da ke tsaye ita kaɗai kan hanyar ayarin gishiri, babu 'yar'uwarta tafiyar fiye da kilomita ɗari ta kowace fuska, har taswira ta san da zamanta. A 1973 wani direban babbar mota, duk faɗin hamadar nan, bai ga abin da zai kara wa mota ba sai ita. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta an kafa ta ƙarfe. Ba a tabbatar mana direban Bakano ne ba, amma aikin ya yi kama. Inda babu bishiya, mai winci sai ya haƙa rami mai zurfi ya binne tayar safaya ya ɗaura igiyar a jikinta, cikin rana, da wannan shebur mai leda. Kafin ka gama, wanda ya zo da mota ta biyu da igiyar ja ya fita ya dafa shayi. Ko jan ma da ƙa'idarsa, kuma nan ba wasa nake ba: kada ka kuskura ka rataya igiya a ƙwallon ƙarfen nan na jan tirela da ke bayan mota. In aka fizga yakan tsinke ya taho da ƙarfin harsashi, ya sha kashe mutane ta gilashi. Akwai ƙugiyoyin da aka ɗaure a jikin shasi, su ake nema, kuma kowa ya matsa nesa. Dogon jak ɗin nan ja shi ma bai san Alhaji ba. In hannunsa ya kuɓuce da mota a kansa, haɓa yake nema. Haƙorin Makkan nan naka ka kiyaye shi.

Bututun shan iska ba ni da faɗa da shi sosai. Yana ɗaga hancin inji daga ƙurar da tayoyi ke tayarwa, yana kuma hana shi shaƙar ruwa, wanda in ya shiga silinda ba ya matsuwa, sai ƙarfe ya lanƙwashe. Sai dai bai mayar da Prado jirgin ruwa ba. Wayoyin lantarki na nan a ƙasa, aksul da giya na da 'yan kafofin numfashi da ke zuƙar ruwa in sun shiga da zafinsu. Amma na yarda, duk cikin kayan nan shi kaɗai ne zai yi aiki bana, ranar da aka yi ruwan Agusta titunan Kano suka koma gulbi. Fitilun goshi kuwa ban ga amfaninsu ba sai makantar da bayin Allah masu babur.

To an isa, an ce a kwana. Tantin saman mota ya karɓu ne wajen masu yawon dajin kudancin Afirka, inda zaki da kura ke zagaye sansani. A hamadarmu abin da zai same ka a ƙasa kunama ce, maganinta kuwa ka kakkaɓe takalmi da safe. Iskar hunturu in ta taso da dare, wanda ke sama cikin tamfol shi ke shan kiɗa har asuba, na ƙasa ya raɓa jikin mota ya ja bargo ya yi barcinsa. Ka kuma tuna shekarunka. Bayan shayi zagaye uku irin na Buzaye, sau nawa za ka sauko tsanin nan cikin duhu kafin kiran assalatu? Kuma da zarar an buɗe tantin, mota ta zama gida, ko itace za a ɗebo sai an naɗe. Tabarma da bargo biyu sun wadatar, don sanyin Disamba da Janairu a can ba irin na Kano ba ne da kuke sa hular sanyi kuna cika baki. Abu ɗaya dai, kada ka ga ƙorama busasshiya a duwatsun Abzin da yashi mai laushi da inuwa ka ce ga masauki. Ruwa kan sauka a kan dutse can nesa inda ba ka ko ga hadari ba, ya iso da dare a guje. Mutanen Agadas ba su manta ambaliyar 2009 ba.

Firjin kuma wa ya haɗa maka wayarsa? In daga batir ɗin tayar da mota yake sha, to ka sha lemo mai sanyi da dare, da safe ka murɗa makulli ka ji shiru. Motarka kuwa otomatik ce, ba a tura ta ta tashi. Batir na biyu sai an raba shi da na farko da na'urar da ke yanke su in an kashe inji, in da faifan sola a ƙara. Mutanenmu salka suke ratayewa a jikin mota, ko jarka a naɗe ta da buhu a jiƙa, iska na bugawa ruwa na sanyi, ba waya ba batir. Guzuri dabino ne da cuku da kilishi da gari. A kwaɓa fulawa a binne cikin garwashi da yashi mai zafi, a tono a kakkaɓe, ga tagalla ta nuna. Na san kai in ba tuwo da miyar kuka da man shanu ba ka ce ba ka ci abinci ba, sai ka yi haƙuri.

Motar da ke aikin hamada da gaske ba ta da kyan gani. Je ka tashar Agadas ka duba. Land Cruiser ce samfurin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984 kuma har yau ba ta canja mata kama sosai ba, ko kuma Hilux. Mai injin gas ɗin nan 1HZ, silinda shida, lita 4.2, ba turbo ba kwamfuta, ba ta da gudu amma bakanike ya kwance ta a ƙarƙashin bishiya da sifana da tsumma. Taka in wata 'yar na'ura ta yi fushi, sai an nemo mai kwamfuta daga Kano ya zo ya lallashe ta. Abin da ke bayan motocin direbobin Agadas gangunan mai ne da na ruwa a shimfiɗe a ƙasa, tol biyu a gefe, safaya biyu, filtar mai, fambel, tiyon lagireto, waya da roba. Sun san a yashi mai laushi shan mai kan ƙaru da rabi, wani lokaci ya ninka, sun kuma san man ganga da datti yake zuwa. Ruwa ba sa zuba shi a mazubi ɗaya, don huji ɗaya kada ya tafi da duka. Irin waɗannan motoci ne sojojin Cadi suka hau a 1987, ƙarƙashin Hasan Jamus, suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har duniya ta sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Rashin nauyi da sanin ƙasa ne suka yi musu aiki. Ba a ji an ce akwai mai tanti da tsani a cikinsu ba.

Sanin ƙasar nan shi ne abin da kuɗinka bai saya ba. Madugan ayarin gishiri suna ratsa Tenere daga Abzin zuwa Fashi da Bilma da taurari da kwanciyar tudu, tun ba a san taya ba. Manya ma sun ɓata. Bafaranshen nan Thierry Sabine ya ɓace a hamada kan babur a 1977, da Allah ya kuɓutar da shi ne ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar, wanda ya fara tashi a ƙarshen 1978 ya ratso ta Agadas. A 1982 ɗan Firayim Ministar Birtaniya Margaret Thatcher ya yi kwana shida ba a san inda yake ba a wannan tsere, sai da jirgin sojan Aljeriya ya gano shi. Shi uwarsa na da gwamnati. Kai in ka ɓata, 'yan Kwari za su yi kwana uku suna jajantawa, rana ta huɗu a fara tambayar wa zai karɓi shagon.

Akwai abin da mu nan ba ma dariya a kansa. A watan Oktoba na 2013, motoci biyu suka lalace arewa da Arlit kan hanyar Aljeriya, aka tsinci gawa 92, yawancinsu mata da yara, da yawansu mutanen Kance ne, nan kusa da mu. Ƙishirwa ce. Shi ya sa duk wanda ya ce zai shiga, tambayar farko da muke masa ita ce motoci nawa, ruwa lita nawa kowane kai a rana, wa ya san hanya, wa kuma aka bar wa labarin ranar isa. Mota ɗaya ba ta shiga, komai kyanta. In ta lalace kuma ba a barinta a kama tafiya a ƙasa. Yau ma arewacin ba a shigarsa haka kawai, daga Agadas zuwa Dirku ayari ake bi da rakiyar soja.

Can gida wajenku ma ina za ka kafa tantin? Dajin Rugu ko Kamuku? Ka shiga da mota mai kama da ta kwamanda, da fitilun da ake hangowa daga wata ƙaramar hukuma, masu dajin su ce abin nema ya samu. In gwaji kake so na gaske, ka nufi Taraba. Daga Serti ka hau tsaunin Mambila zuwa Gembu, ka saki kwalta da damina ka bi hanyoyin ƙauye. A can tayoyin taɓon nan za su ci abincinsu, wincin ma ya sami bishiyar kamawa, kuma za ka ga tsofaffin Land Rover da suka girme ka suna hawa da lodin da zai sa ka ji kunya. In rairayi kake marmari, ga Tulo-Tulo a Yusufari ta jihar Yobe, a tambayi mutanen gari halin hanya kafin a tashi. In kuwa zuciyar ta karaya, ka tafi Yankari ka kama ɗaki, ka jiƙa a ruwan Wikki, ka ɗauki hoto kusa da motar. Ba wanda zai tona.

Da ma ku Kanawa zaman cikin ganuwa kuka gada. Ko zamanin Sarki Alu, da Sarkinmu Ahmadu Kuren Daga ya taso da dawaki, mu ne muka yi tattaki muka zo muku, ba ku kuka zo mana ba. Amma tunda yau ɗayanku ya yi zuciya, ba zan hana bawana alheri ba. Ka bari damina ta wuce, sanyi ya fara. Ka biyo ta Daura da Matamai ka iso Zinder, mu kai motar garejin wani tsoho da ya yi rabin rayuwarsa a hanyar Bilma. Zai sauke tantin da ragar da jarkokin saman, ya cire fitilun, ya musanya maka rim da tayoyi, ya duba lagireto da shoka, ƙarafunan kuma a auna su a kilo, ka ga ka rage asara. Ni zan samo mota ta biyu da ja-gaba, kai ka biya mai, tunda kuɗin sharar bara ma har yau ban gani ba. Turmin shadda biyu zan karɓa, kuma ba irin wadda kuke ajiye wa baƙi a gaban shago ba.

Saura magana ɗaya, wadda na san ita za ta kashe tafiyar. Ana barin garuruwa sabis yake ɗaukewa. Yaron shago zai yini ya kwana yana ciniki ba ka san nawa ya shiga aljihun tebur ba. Akwai wayar tauraron ɗan'adam, Thuraya, direbobin hamada da yawa na da ita, amma da minti ake biya kuma da tsada. Ka zauna da kalkuleta ka auna wanne ya fi maka ciwo, rashin kiran ko kuɗin kiran, sa'an nan ka aiko mini da ranar da za ka taso.